Hadarin da Ya Juyo Kan Ɗorawa

Laraba da dare, farkon damina, Nasarawan Doya

Barci ya ƙi zuwa. Ni na ce wa Yaya Sale ya bar shanun huɗarsa ɗaure a gindin ɗorawa mu tafi la'asar, tunda hadarin ya bi ta kudu da mu ya yi yamma. Tun muna yara muka san daga gabas yake tasowa, in ya wuce ya wuce ke nan.

Kuma na ga abin da ya kamata ya tsayar da ni. Hayaƙin karan da muka ƙona yana kwantawa gefe guda, giragizai na gudu wani gefen, kamar iska biyu ke jayayya. Gindin hadarin ya zazzago ƙasa, baƙi ƙirin, yana juyawa a hankali kamar ana dama fura. Tsuntsaye suka yi tsit.

Ashe karkatowa arewa yake yi. Muna raka'a ta biyu ya sauka a kanmu, kwanon masallaci ya yi ta kuka. Da muka koma gona, ɗorawar ba karyewa ta yi ba, murɗewa ta yi kamar an matse wanki. Ɗaya daga shanun, jan sa, yana ƙarƙashinta, da ƙyar aka samu aka yanka.

Yaya bai ɗaga mini murya ba. Cewa kawai ya yi, "Haka Allah ya so, Habu."

Bayan isha ya aiko mini da kasona na naman. Ga shi can a rufe, na kasa buɗe kwanon. Gabas kuma ta fara walƙiya.