Saƙo huɗu daga Hamdara

Talata da dare, Birni. Har yau ruwa bai sauka ba.

Wata uku ke nan nake tafiya da salular matata Hadiza kasuwa, wai in sa mata caji, alhali bincike nake. Kwarto na shiga nema, ban samu ba. Saƙonnin yayanta Isufu na tarar daga Hamdara: rumbu ya ƙare, Inna ba ta iya tashi, a taimaka ko da tiya biyar ta hatsi. Ni kuwa jira nake hatsi ya ƙara tsada kafin in buɗe mangazar da na tara nawa. Na goge na farko, na ce gobe. Haka har huɗu.

Yau Isufu ya iso a ƙafa, wuya duk ƙashi. An rufe Inna tun Juma'a.

Hadiza ta ce, "Yaya, ko saƙo ba ka yi mini ba?"

"Huɗu na yi, ƙanwata. Na ɗauka nauyin mijinki kike ji."



Da ta kawo tuwo, sai ta ajiye salular gefen kwano.

"Malam, riƙe ta wurinka. Mai nemana ta riga ta tafi."

Ga tuwon nan ya huce.