Na Ɓoye Rijiyar Gas Ɗin da Ke Gonar Baba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Don Allah a sakaya sunana. Ina kuma roƙonku ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa. Shawara nake nema, kuma kwana huɗu kacal suka rage mini.

Ni matar aure ce da 'ya'ya biyu, muna zaune a Silver Spring kusa da birnin Washington. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke taya wata hukumar gwamnati nemo masana. A ƙasar nan idan an yi babban bincike ba a karɓarsa haka nan, sai an haɗa kwamitin masana daga waje sun zauna sun yi masa tankaɗe da rairaya. To mu ne masu zaƙulo su. Bana aka kawo mana aikin wani bincike a kan haƙar iskar gas, irin wadda ake ɗura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin tsiya cikin ƙasa a farfasa dutse gas ya fito, wadda suke kira firakin. Abin da ake son sani shi ne ko tana ɓata ruwan sha, ko tana taɓa lafiyar mutanen da ke zaune kusa. Nawa aikin shi ne tantancewa. Kowane masani zai cike fom ya faɗa ko ya taɓa yi wa kamfanonin gas aiki, ko yana da hannun jari, ko shi ko matarsa suna da filin da suka ba su haya. Daga nan ni zan kira shi a waya in karanta masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya amsa da bakinsa, sannan in sa hannu cewa na bincika ban ga komai ba.

Kuma wallahi an san ni da tsanani a wannan aiki, har alfahari nake yi da shi. Akwai wani farfesa daga Texas da na cire saboda matarsa, ba ma shi ba, tana da ɗan hannun jari a wani kamfanin bututu. Mutumin nan ya yi ta magiya yana cewa shi ya ma manta da zancen, ko gezau ban yi ba. Na ajiye waya ina jin kaina kamar wata alƙaliya. Shugabata har ta taɓa ce mini a gaban mutane, "Takardar da kika sa wa hannu ba na sake dubawa." Na dawo gida ina ba mijina labari ina fari da ido. Ashe ranata tana nan tafe.

Wata safiyar Litinin aka turo mana jerin sunayen da jami'o'i suka gabatar, ina bi ɗaya bayan ɗaya sai na ci karo da sunan mutumin da nake kira Baba. Aminin mahaifina ne tun suna makaranta a Kano, farfesa ne a ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya fi shekara talatin a nan. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka ban san gabas ba ban san yamma ba. A gidansa na Germantown na zauna wata bakwai, matarsa Hajiya ta koya mini har yadda ake shiga jirgin ƙasa. Shi ya yi mini walicci ranar aurena. Da mahaifina ya rasu, 'yan gidanmu kasa faɗa mini suka yi, Baba ne ya tuƙo mota ya zo ya zaunar da ni ya faɗa mini, muka yi kuka tare. Ƙa'idar ofis ita ce idan ka san wani a cikin jerin, ka faɗa, a miƙa fayil ɗinsa ga wani. Ban faɗa ba. Na ce wa kaina ai gara ni in riƙe, kada wani ya yi wa dattijo rashin kunya a waya. Wannan shi ne laifina na farko, kuma da a nan ya tsaya da sauƙi.

Ga inda matsalar take. Baba yana da gona a jihar Pennsylvania, kuma duk Bahaushen da ke yankinmu ya san ta, don can muke zuwa layya. Kun san a nan ba a yanka rago a ƙofar gida, maƙwabta za su kira maka 'yan sanda. Shi ya sa duk babbar salla muna idar da idi sai mu yi jerin gwanon motoci zuwa gonar Baba, maza su yanka su feɗe, mu mata mu shimfiɗa ledoji muna wanke kayan ciki muna hira, yara suna guje-guje suna yi mana Turanci. Ita ce rana ɗaya a shekara da nake mantawa ba a gida nake ba. Shekara uku da suka wuce muka je muka tarar an share wani sashe a bayan gonar, an kewaye shi da waya, ga manyan tankoki ga motoci suna shige da fice. Na ji Baba da kunnena yana gaya wa maza cewa kamfanin gas ne suka karɓi hayar wurin, alhamdu lillahi, gonar ta fara riƙe kanta. Bara kuwa ina cikin wanke hanji na miƙe na nufi famfon rijiyar gonar da bokiti, sai Hajiya ta riƙo hannuna ta ce, "A'a 'yata, bar wannan, ga na jarka can muka taho da shi." Na ce, "Hajiya lafiya?" Ta rage murya ta ce, "Ruwan ne ya ɗan canja, wari yake yi. Ko alwala Babanku ya daina yi da shi."

Ni dai ban ce haƙar ce ta ɓata ruwan ba, ban sani ba, ba fannina ba ne. Sanin haka ɗin ai shi ne dalilin kafa kwamitin gaba ɗaya. Amma na san abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji. Kuma da na buɗe fom ɗin Baba, a wurin tambayar ko shi ko matarsa sun ba kamfanin gas hayar fili, sai na ga ya zaɓi "a'a". Na rufe fayil ɗin, na sake buɗewa, kamar rubutun zai canja.

Sai da na yi kwana uku ina kewaye-kewaye kafin na kira shi. Kuma kun san yadda kiran ya kasance? Gaisuwa. Ina kwana Baba, ya ƙafar, ya Hajiya, ya su Yaya, an ji daga gida? Shi ma ya tambayi mijina, ya tambayi yara da sunayensu, ya sa mini albarka. Minti ashirin muna wannan. Takardar tambayoyin tana gabana, biro yana hannuna, amma ko tambaya ɗaya ban karanta masa ba. Ta yaya zan dubi mutumin da ya aurar da ni in ce masa, ka tabbata abin da ka rubuta gaskiya ne? Da wane bakin? Ko sunansa ban taɓa kamawa ba a rayuwata. Da ƙyar na ce, "Baba, dama akwai 'yan tambayoyi ne na ƙa'ida." Ya yi dariya ya ce, "Cike abinki kawai 'yata, wa ya fi ki sanina?" Na ce, "To Baba." Na ajiye waya, na bi layi ɗaya bayan ɗaya na cike, na sa hannu. Ni ɗin nan da na kori mutumin Texas a kan jarin matarsa.

Sunansa ya tsallake zuwa jerin ƙarshe. Yanzu an wallafa jerin don jama'a su faɗi ra'ayinsu, kuma wasiƙun da ke shigowa ni ce nake karantawa ina rarrabawa. Mafi yawansu na ƙungiyoyi ne da lauyoyi, dogon Turanci. Amma makon jiya na buɗe wata da aka rubuta da hannu, ina ganin sunan ƙauyen na gane shi. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da gonar Baba ce. Na san ta, baturiya ce siririya mai farin gashi, duk salla Hajiya takan aike ni in kai mata cinyar rago, ita kuma ta ba ni tuffa daga lambunta. Ba ta san inda nake aiki ba, ba ta kuma gane sunan Baba a jerin ba, don ita da wani suna daban take kiransa. Ta rubuta cewa ta daina yi wa jikarta wanka da ruwan gidanta saboda ƙuraje, sai ta kai ta gidan 'yarta a wani gari. Ta ce ita ba ta yi boko mai zurfi ba, ba ta san gaskiyar abin ba, abin da take roƙo kawai shi ne a zaɓi mutanen da ba su da abin samu ko abin rasawa, su faɗa mata ko za ta iya shan ruwanta. A ƙarshe ta ce ta yarda da duk wanda ke karanta wasiƙar. Na tashi na shiga banɗakin ofis na yi kuka mai isata.

Ranar Asabar na shirya na tafi Germantown. Na durƙusa na gaishe shi, Hajiya ta kawo mini fura, na kasa sha. Da ta fita na sunkuyar da kai na ce, "Baba, maganar gona ce. Fom ɗin ya yi tambaya a kan hayar fili." Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Gonar da sunan Hajiya take." Na ce, "Baba, tambayar ta haɗa da mata." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya cire tabaransa ya ce, "Yanzu ke a ganinki zan sayar da ilimina saboda wani ɗan fili? Ni da na daina shan ruwan nan da kaina, wa ya fi ni son a san gaskiya? Shekara talatin ina kallo ana zaɓen waɗanda ni na koyar da su, yau Allah ya sa an tuna da ni, sai 'yar da na aurar ce za ta goge sunana?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Baba." Abin da na iya faɗa ke nan, na tashi na fito kamar wadda ta yi sata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yarda da shi. Na san Baba ba mai cin amana ba ne, kuma a jerin nan kaf babu wanda ya fi shi sanin ruwa. Amma mutumin Texas ma ai cewa ya yi shi mai gaskiya ne, na saurare shi? Kuma idan aka gama aikin, wani ɗan jarida ya tono zancen gonar, wa zai ƙara yarda da rahoton? Aikin mutane da yawa zai tashi a banza, tsohuwar nan ta koma inda ta fito, ba ta san ko ta sha ruwanta ko kada ta sha ba. Sa hannuna kuma yana nan a ƙasan takardar.

Mijina cewa ya yi in yi shiru. Ya ce, "Idan kika faɗa, aikinki ya tafi, don ba Baba kaɗai ya ɓoye ba, ke ma kin ɓoye. Sannan da wane ido za mu shiga masallaci? Kowa zai ce ga wadda ta tona wa uban riƙonta asiri a gaban Turawa." Gaskiya ya faɗa, na san mutanenmu, ko gaisuwata wasu ba za su sake amsawa ba, kuma kafin in kai gida labarin ya isa Kano wurin mahaifiyata. Na yi tunanin in aika wasiƙa ba suna, sai na ga wannan ai ya fi muni, in soke shi ta baya sannan in je in durƙusa in gaishe shi. Na yi tunanin in roƙe shi ya janye da kansa ya ce rashin lafiya ce, amma tun ranar Asabar bai ɗauki wayata ba.

Ranar Juma'a ake rufe karɓar ra'ayi, shugabata za ta kawo mini jerin ƙarshe in sake sa hannu, kuma na san ba za ta duba ba, don ta yarda da ni. Sallar layya kuma saura mako biyu. Ɗazu ina ofis, wasiƙar tsohuwar tana kan teburina, sai ga kiran Hajiya. Ashe ita ba ta san komai ba, bai gaya mata ba. Muryarta cike da fara'a ta ce Baba ya sa an ware mini ragon da ya fi kowane girma, kamar yadda yake yi tun rasuwar mahaifina. Har za ta ajiye sai ta ce, "Yauwa 'yata, kada ku manta ku taho da jarkokin ruwa, bana ku ƙaro biyu, na famfon nan ko hannu ba a wankewa da shi yanzu."

Na ce mata to. Don girman Allah ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. Me zan yi?