Muryar Inna a Motar Ajingi

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Malam da yara? Ya ƙafar taki? Mu nan Gaya sai godiya.

Autana Sadiku ya fitar da albam ɗinsa na biyu. Tun da na farkon ya karɓu, ya daina shawara da kowa. Ranar kasuwar Ajingi direba ya kunna sabuwar waƙarsa a mota, sai na ji muryar marigayiya Inna, tana rera waƙar nan da take yi in tana ɓarar gyaɗa. Ashe ya naɗe ta a waya lokacin jinya, ya ɗora mata kiɗa. Ko tarinta bai cire ba. Fasinjoji suna ta kaɗa kai.

Na kira shi. Ya ce, "Umma, karrama ta na yi." Na ce, "Matar da maƙwabta ba su san muryarta ba, ita ka karrama a tasha?"

Ban yi kuka ba, Yaya. Har yau ban ji komai ba.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. In waƙar ta iso Kumasi, kada ki saurare ta a cikin mutane.

Ƙanwarki,
Binta