Kafin Ka Kulle Kuɗin Baba

Bolori, Maiduguri.
Watan Maris, 2017.

Zuwa ga ƙanena Justin Dzarma,

Salama da alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu su tabbata a gare ka da iyalinka. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Edith da yara, kamar yadda ta bar mu. Muna sa ku a addu'a safe da yamma, Allah ya tsare ku a wannan Legas taku da ba ta san hutu ba. Mu nan sai godiya. Gari ya ɗan yi sauƙi a kan shekarun baya, ko da yake har yanzu idan tayar mota ta fashe a titi sai ka ga kowa ya saki abin da ke hannunsa. An mayar mana da makarantarmu bayan an kwashe 'yan gudun hijirar da ke ciki, ina koyarwa a aji ba ƙofa ba benci, yara kuma sun ninka. Phebe tawa ta gama jarrabawa tana jiran sakamako, ta cika mana gida da waƙoƙin coci. Baba yana nan, ƙafar ce ke damunsa idan ya daɗe a zaune, amma yana cin abinci sosai, kuma bakin nan nasa bai ragu ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Da gangan na yi. A waya kana da sauri, kana zuba min Turancin banki har in manta abin da na tashi tambaya, kafin in tuna ka ce ana nemanka a ofis. Takarda ba a katse ta. Wilson na cocinmu zai zo Legas sarin kaya, shi na ba, na kuma ce ya sa ta a hannunka, kada ya bar wa mai gadi.

Maganar giratutin Baba ce, kuɗin sallamarsa daga aiki. Bayan shekarun da ya yi yana jeka-ka-dawo a kanta, kuɗin sun shigo, kai ne ma na fara buga wa. Ka kuma san abin da ya ƙudura tun ranar da muka gudo da shi daga garinmu: ya sake yi wa ɗakunan nan da aka ƙone rufi. Manasse ɗan Kawu ya koma tun bara yana ɗan noma a gefen gari. Ya aiko cewa bango na nan tsaye, amma ruwan shekarun nan ya ci shi, ɓangaren gabas ya tsage, idan daminar bana ta sauka a kai ba rufi to sai dai a share wuri. Ginin ƙasa ne, Baba ya ɗora shi da hannunsa tun yana ƙaramin malami, kabarin Mama yana bayansa. Ka san kuma ruwa yana fara sauka can kudu, wajen garinmu, kafin ya iso mana nan.

Sai ga ka da taka shawarar. Ka ce kada a taɓa kuɗin, a turo bankinku a kulle su shekara guda, domin Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa, yanzu ne lokacin masu ajiya, wanda bai ajiye bana ba, zai yi da-na-sani. Ka ce kasuwar hannun jari ta yi sanyi, naira tana tangal-tangal, ba inda kuɗi ke haihuwa yanzu sai banki. Ka faɗa wa Baba, ka faɗa min, ka sake bugowa ka ce wa Phebe ta tuna mana. Justin, kai da sai mu yi wata ba mu ji muryarka ba, a mako guda ka kira har na gaji da ɗauka. Ka san ni tun muna yara, ko alewa aka ba ni kyauta sai na juya ta na duba. Tun daga wannan yawan kira hankalina bai kwanta ba.

Na fara zuwa kasuwar Gamboru wurin Alhaji Ba'ana mai kayan gini, in ji farashin kwano. Abin da ya faɗa min sai da na sa ya maimaita. Bandir ɗin da na tambaya bara, lokacin da kuɗin ba su fito ba, ya ƙara wajen rabin kuɗinsa. Ƙusa ma ta tashi, katako ma haka. Ya ce min, “Malama, kwano ba a Borno ake yinsa ba, dalar Amurka yake bi, ita kuwa ba ta san hanyar saukowa ba.” Ya ce in biya yanzu in bar kayan a sitonsa, ranar da aka samu ayarin da sojoji za su raka zuwa kudu sai a loda, haka masu komawa gida suke yi da shi. Shi ma ban yarda da shi nan take ba, don ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ce ka bari sai gobe ba. Sai da na tambayi maƙwabciyarmu Ya Kaltum, ta ce haka ta yi da shi a kan siminti, kayanta suka kwana wata da watanni ba abin da ya taɓa su. Da na dawo gida na ɗora ribar da ka ambata a kan abin da kwano ya ƙara a shekara ɗaya, ba ta kai ba. Ke nan idan aka kulle kuɗin, baɗi za su fito sun ƙaru a takarda, amma kwanon da za su saya bai kai na yau ba, bangon kuma ya riga ya kwanta. Wannan lissafi ka fi ni saninsa nesa ba kusa ba, aikinka ne. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ka sani, amma ba ka faɗa ba.

Ran Lahadi bayan taron zumuntar mata na ja Florence gefe, wadda ke aiki a wani banki nan cikin gari. Ban ambaci sunanka ba, cewa na yi wata ce ta aike ni. Ta ce idan dai mutum ya nace sai ya kulle kuɗinsa shekara, to takardun bashin gwamnati sun fi ajiyar kowane banki biya a yanzu, saboda kuɗin mai sun ragu, gwamnati na neman rance ido rufe. Ni ba wai na yarda da waɗannan takardun ba ne. Wanda yake roƙon bashi da ruwa mai yawa haka, a ganina ba alamar lafiya ba ce, kuma ban manta da Inna Susanna ba, da ta sayar da shanunta ta sayi hannun jari lokacin da kowa ke saye, ta ƙare da takardu masu ado a ƙasan akwati. Amma dai na tambayi Florence, to me zai hana ma'aikacin banki ya nuna wa ɗan'uwansa inda ya fi biya? Sai ta yi wata dariya da ba ta jin daɗi ba. Ta ce kowane ma'aikaci an ɗora masa adadin ajiyar da zai kawo, abin da suke ce wa taget, kuma kuɗin da suka tafi takardun gwamnati ba a lissafa masa su yadda ake lissafa ajiya. Ta ce tun da tattalin arziki ya karye ake ta rage ma'aikata, wanda bai cika nasa ba shi ake fara kira. Ita kanta, in ji ta, sai da ta lallaɓa surukarta ta kawo kuɗin adashenta kafin ta tsira a ƙarshen shekara, kuma har yau ba ta iya haɗa ido da tsohuwar.

Daga coci zuwa gida ban san yadda na taka ba. Abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Kirsimeti ba ku zo ba, ka ce hanya ce, alhali a shekarun da hanya ta fi muni ka zo. Edith ta ce min an sauya wa yara makaranta wai don ta fi kusa da gida, ta yi sauri ta canza magana. Motarka tun kafin sabuwar shekara take wurin bakanike, wace irin mota ce wannan? Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushi ƙwarai. Na ce ashe ƙanena zai dubi tsohon da ya sayar da kekensa ya biya masa kuɗin makaranta, ya yi masa daɗin bakin da ake yi wa baƙo a kan tebur. Daga baya da zuciyata ta sauka sai tausayinka ya kama ni, don na san ka, ba ka iya cewa ka gaza ba. Ko lokacin da ka karye a hannu kana yaro, ɓoyewa ka yi sai da ya kumbura. Mai yiwuwa kuma duk zargina ne kawai, aikinka na nan daram. Idan haka ne ka yafe min, ka kuma yi min dariya yadda ka saba, zan ɗauka.

Ban iya riƙe abin ni kaɗai ba, na je na sami Baba. Yana zaune a gindin dogon yaron nan na ƙofar gida da rediyonsa. Na zayyana masa komai, farashin kwano da maganar Florence da zargina, ina jira ya tashi da faɗa. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya rage muryar rediyo ya ce ai ba sabon labari na kawo masa ba. Ya ce tun kiran farko ya gane, domin ba ka taɓa yi masa magana da ladabi mai yawa haka ba sai idan kana cikin matsala. Ya ce shi bai san Babban Banki ba, bai san taget ba, amma ya san muryar ɗan da ya haifa. Sai ya ce in shirya in je in tura maka kuɗin duka. Na ce Baba, gidan fa? Ya ce ƙasa ba ta ƙare a garinmu ba, wanda ya rayu zai sake kwaɓawa, amma yaron yana da 'ya'ya a makaranta. Ya ce a aika wa Manasse ya nemi ciyawa da tsohon tamfol ya lulluɓe kan bangon, a ga abin da Allah zai yi. Ni da shi duk mun san tamfol ba zai tare ruwan watan Agusta ba, kuma mun san shekarunsa. Ranar tuwonsa haka aka ɗauke shi bai taɓa ba.

To, ban tura ba. Ni ke sa hannu tare da shi tun da idonsa ya yi rauni, kuma na ce masa akwai layi a banki, wanda ba ƙarya ba ne. Ina jiran amsarka ta hannun Wilson, a rubuce, ba a waya ba. Idan aikinka ne ke rawa, ka ce min Yaya aikina ne ke rawa. Ba za mu zuba ido a kore ka ba. Sai mu zauna mu ga ko rabin kuɗin zai tsayar da kai, rabi ya rufe ko da ɗaki ɗaya ne, wanda Baba zai sa kansa. Idan kuma sai duka, to kuɗinsa ne, ya riga ya yanke, zan tura ina kuka. Amma a kira abin da sunansa, uba ne ya ba ɗansa rufin kansa. Kada ka ƙara ce masa riba zai ci. Idan kuwa ka rantse min ba abin da ke damunka, shawara ce kawai ta masana, to na gode da shawara, washegari ina Gamboru wurin Alhaji Ba'ana.

Ka gaishe min da Edith da kyau, ka ce ban yi fushi da ita ba, rufin asirin mijinta ta yi. Ka shafa min kan yara, ka ce Phebe na tambayar yaushe za su zo. Ya Kaltum na gaishe ku, haka Manasse duk lokacin da ya samu layin waya sai ya tambaye ka. Inna Susanna ma tana gaisuwa daga unguwar Dala, ta ce har yanzu tana jiran hoton ƙaramin.

Baba yana gaishe ka, ya sa maka albarka. Ya kuma ja min kunne kada in kuskura in gaya maka ya gane. Ya ce in bar ka ka ci gaba da zaton bayaninka ne ya gamsar da shi, don kada ka ji kunyar shigowa gidansa. Ban taɓa saɓa masa ba tun da na yi wayo sai a kan kuɗin nan, yau na sake saɓawa. Idan za ka karɓi kuɗin nan, ina so ka karɓa kana sane da cewa tsohon ya san abin da yake bayarwa.

Taka har kullum, yayarka,
Dorothy Dzarma.