Hadiza ta zama aikatau

Agiye, daren Laraba, Nuwamba 1992

Na kasa cin tuwo. Tun dawowar 'yata Hadiza daga lakol, wato makaranta, bakinta bai huta ba da zancen sabon malaminsu: Mushe Idi kaza, Mushe Idi kaza.

Shekara da shekaru ina koyar da Ingilishi a kwalejin nan. In rubuta jimla a allo, in ja layi ɗaya ƙarƙashin wanda ake magana a kansa, layi biyu ƙarƙashin abin da aka faɗa game da shi. Haka aka koya mana. Shi kuwa Mushe Idi, da ko wata uku bai yi da zuwa ba, yau ya fitar da ajin su Hadiza gindin iccen bedi, ya jera yara, kowa ya zama kalma. Wannan suna, wancan sifa. Ya ja layi a rairayi da ƙafa, ya raba su gida biyu. Ina jiyo dariyarsu, har ta danne lasifikar 'yan jam'iyya. Nawa ɗaliban duk wuyansu na taga.

A buro, wato ofis, na ce wa darakta wannan wasan yara ne. Murmushi kawai ya yi.

Dukan hutun damina na zaunar da yarinyar nan a kan darasin nan, bai shiga ba. Yau ga ta tana jera ƙannenta a tsakar gida, ita ce aikatau, ba ta kuskure ko ɗaya. Ya kamata in yi murna, na sani.

Da ta gama ta juyo ta ce, "Baba, zo in koya maka, ba wuya."