Kwalbar Bikin Yaya Odile

Jarnac, 9 ga Maris, 1954

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau nake, uwar ɗakina ba ta cika faɗa ba, sai dai warin barasa ya kama har gashina.

Baba ya ce in zaɓo konyak, barasar da ake yi a gidan da nake aiki, na bikin Yaya Odile, mai daɗi mai sauƙin kuɗi, kada ya ji kunya gaban surukai. Na je wurin tsoho Aristide mai kula da gangunan barasar gidan nan, ya jera mini ƙananan kofuna biyar. Su nan kurɓa suke yi, su kurkure baki, su tofar a bokitin da nake wankewa kullum ina kau da kai. Ni kuwa na kasa tofarwa gaban maza, sai na haɗiye duka. Mama, kamar kananzir.

Ya ce, "'Yar ƙauye, wanne ya yi miki?"

Na ce, "Ko ɗaya, Baba Aristide."

Na yi amai a bayan ganga, ma'aikata suna ta dariya. Da tsoho Aristide ya ga hawayena, sai ya ɗauko na ukun, wanda kuɗin Baba suka isa, ya ce shi aka sha a bikin 'yarsa.

Shi na aiko. Ki gaya wa Baba na ɗanɗana da bakina. Ranar bikin a ajiye mini madara.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

'Yarki,
Solange