Ƙaramar Ƙofar Tsohuwar Silima

Zuwa ga mai girma shugaban kwamitin da aka ɗora wa duba tsofaffin gine-ginen Djougou.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da abokan aikinka, sunana Idrisu, ɗan marigayi Garba magini. Tayoyin mota nake sayarwa a Parakou, amma a Djougou aka yanke cibiyata. Na rubuto ne a kan tsohuwar silima ta bayan kasuwa, wadda kuka shafa wa jan fenti kuka ce za a rushe ta a yi butik-butik, wato ƙananan shaguna. Ba ni da kowa a sama, ban kuma san ƙofar lauya ba. Rubutun nan kaɗai ya rage mini.

Na farko, ginin kansa. Mahaifina ne ya gina shi tun ina goye, lokacin da wani attajirin goro ya ga silima a kudu ya ce sai an yi wa garinsu. Baba bai taɓa ganin silima ba, don haka ya gina ta yadda ya san ana gina gidan mutunci. Jar marmara ce daga ƙasa har sama, ga zankwaye a kan bango, ga zane a fuskar ginin wanda ya yi da hannunsa. Ɗakin na'ura kuwa ɗaurin guga ya yi wa rufinsa da azara, har yau bai tsage ba. Na yi yawo daga Parakou har bakin teku, ban ga silima mai irin wannan kama ba.

Na biyu, kuma a nan ne zuciyata take. Ginin yana da ƙofa biyu. Babbar tana kallon kasuwa, ta 'yan kamasho ce da baƙi da duk wanda bai damu a gan shi ba. Ƙaramar tana lungun masu goro, a karkace take kamar shigar zaure, wanda ke ciki ba ya ganin mai shigowa. A ciki kuma akwai wata gajeriyar katanga da ta raba kujeru gida biyu. Ma'aikatanku sun ce kuskuren gini ne. Ranka ya daɗe, ba kuskure ba ne. A wancan zamani ɗan gidan mutunci ba ya yarda a ce an gan shi a silima, alhali kowa yana zuwa. Baba ya yi ƙofar ne don malami kada ya haɗu da ɗalibinsa, ya yi katangar don suruki da suruki su sha kallo ɗaya, su yi dariya ɗaya, ba tare da ido ya haɗu ba. Kunyar garin nan ce aka gina da dutse.

Na uku, taron da kuka kira. Kun tara dattawa a gaban jama'a, da lasifika, kuka ce duk wanda ya taɓa shiga silimar nan yana kuma son a bar ta, ya miƙe. Na baro shagona a Parakou na hau mota saboda wannan taro. Na miƙe, na waiwaya, sai ni kaɗai. Alhazan da suka san kowane lungu na ginin nan, waɗanda yau su ne sahun gaba a masallaci, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Yaya za a yi mutum ya miƙe a gaban surukansa da jikokinsa ya ce shi ɗan silima ne? Kun tambayi mutane a fili abin da aka gina ƙofa musamman don a ɓoye shi. Sai kuka ce gari bai damu ba, ni kuma ɗan magini ne, dole in yi son kai.

Bayan an watse, dattawan nan suka riƙa tare ni ɗaya bayan ɗaya a bakin tasha, kowa yana riƙe hannuna yana cewa in daure in ci gaba, amma kada in kama sunansa. Ba zan kama ba. Wallahi ranar na yi kuka a cikin mota, har 'yar tsohuwar da ke kusa da ni ta yi mini ta'aziyya.

Na san ba ni da ƙarfin tsayar da katafila. Roƙona biyu ne. In har rushewar ta zama dole, a bar mana fuskar ginin da ƙaramar ƙofar, ko da a jikin butik ne. Kafin nan kuma, don girman Allah, kada ku sake kiran taro. Ku cire kwaɗon ƙaramar ƙofar nan yini guda, ku kawar da ma'aikatanku daga lungun, ba lasifika, ba mai kallo. Da yamma ka zo da kanka ka duba ƙasa, ka ga sawun takalman da suka shiga.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da mutuncinka, ya rufa maka asiri kamar yadda ƙofar nan ta rufa wa iyayenmu.

Wassalam.

Idrisu Garba Magini,
Parakou.